Yadda Za Ka Hana Ɗan Farinka Shiga Soja Ta Hanyar Kushe Littattafansa

Bari in faɗa maka tun yanzu, don kada gobe ka zo ka tsare ni a bakin shago: a cikin matakan nan akwai guda ɗaya da zai rushe maka aikin gaba ɗaya. Ni ma na taka shi. Amma in ka ɗauke wannan, hanyar ba ta da na biyu. Na yi maka alkawari, in ka bi ta sau da ƙafa, za ka zama mai ra'ayi a kan littattafan tarihi da fina-finan yaƙi, irin ra'ayin da wasu ke karɓar albashi a kansa a jami'a, kuma ɗanka zai san abin da ke ranka ba tare da ka zubar da girmanka ba.

Sunana Hamajoɗa. Kayan famfo nake sayarwa a Jimeta, gidana yana Shagari Low Cost. Bokona ya tsaya a aji uku na sakandare, kuma ban ga abin da na rasa ba. Wannan jagora na rubuta shi ne don uban da ɗansa na fari ya gama makaranta, ya rasa aiki, ya zauna yana karanta labaran yaƙe-yaƙen da, har ya wayi gari yana son ɗaukar bindiga.

Mataki na 1: Ka gane cutar da wuri

Ba da zazzaɓi take farawa ba. Da littafi take farawa, mai kauri, da hoton takobi a bango. Ƙagaggen labarin tarihi ake ce masa. Ma'anarsa, wani mutum ya sami yaƙin gaskiya da aka yi kafin a haifi kakansa, ya ga mutanen da aka yi shi da su duk sun mutu, ba mai ƙaryata shi, sai ya zuba nasa a ciki.

Daga nan za ka ga alamomi. Yaron da a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi, yanzu bayan sallar asuba yana gudu har Yolde Pate ya dawo. Zai aske kansa ƙwal. Zai fara cewa "ƙasata" kamar wata gonar gado. In ka ji yana tambayar ƙanwarsa ta auna masa tsawonsa a jikin bango, to ciwon ya kai ƙashi.

Mataki na 2: Kada ka yi masa magana

Na san akwai 'yan zamani da za su ce, to me zai hana ka kira shi ka zaunar da shi ka ce kada ya tafi? Irin waɗannan su ne masu ɗaukar ɗan fari a kafaɗa suna yawo da shi a kasuwa. Mu ba haka aka raine mu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama da shi a tabarma ɗaya, ba a nuna an damu da shi. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, kuma ga yayan nan da ransa a Adarawo, ƙiba ma yake yi.

Ni a gidana "Hamman Yusrah" nake ce masa, wato yayan 'yata Yusrah, in ya zama dole. In bai zama dole ba, "wannan" ya isa.

Kuma ka yi tunani. In ka ce kada ya tafi, zai tambayi dalili, ko da da ido ne. Me za ka ce? Ka ce kana jin tsoro? Ka ce ba ka iya barci? Namiji, mai gemu, a gaban ɗan fari? Uwarsa ta ce mini, "Kalma ɗaya daga bakinka ta isa, yaron nan bai taɓa tsallake maganarka ba." Na ce, "To ke me ya hana ki?" Ta ce, "Ni na haife shi, kunyata ta fi taka." Ka ga an rufe wannan ƙofar. Saura taga.

Mataki na 3: Ka karanta, amma kada ka wahalar da kanka

Masu ra'ayi ba sa karanta littafi duka. Wannan sirri ne da ban biya ko sisi ba na gano shi. In ya fita gudu, ka shiga ɗakinsa, ka ɗauki ɗaya, ka duba farko, ka buɗe tsakiya, ka leƙa ƙarshe. Na Turanci ka nemi inda aka yi ta maimaita suna ɗaya, shi ne jarumin. Na Hausa ma ya fi sauƙi, don tun shafi na biyu za a gaya maka faɗin ƙirjinsa.

Ga abin da na samu, kuma na ba ka kyauta, ka yi amfani da shi a matsayin naka.

A littattafan nan ba wanda yake zawo. Runduna za ta yi wata guda a daji tana shan ruwan kududdufi, amma cikin kowa lafiya lau. Ba wanda takalminsa ke tsinkewa. Jarumi in an harbe shi, a kafaɗa ake samunsa, kullum a kafaɗa, kamar maƙiyan sun yi taro sun amince. In kuma zai mutu, sai ya jingina da bishiya ya yi jawabi shafi uku, ya yafe wa kowa, ya ba da wasiyya, ya yi wa budurwarsa waƙa, sannan ya cika. Ni na ga masu mutuwa. Ruwa suke nema.

Sannan ka lura da wannan, don shi ne babba: jarumin ba shi da uba. Ko dai an kashe uban a babi na farko don yaron ya sami dalilin fushi, ko kuma a nuna tsohon a ƙofar gida yana miƙa masa takobi yana murmushi. Marubucin bai taɓa komawa gidan ya ga abin da tsohon yake yi bayan an sha kwana ba. Ba ruwansa. Shi yana can yana bin ƙurar yaƙi.

Ka mayar da littafin daidai yadda ka same shi. Mai kayan famfo yana barin shaida, ka wanke hannu tukuna.

Mataki na 4: Ka yi kushen a cikin iska

Yanzu kana da ra'ayi, saura wurin ajiye shi. Ka nemi ƙanwarsa. Ka bari sai yana tsakar gida yana wanke takalmin gudunsa, sai ka ɗaga murya kaɗan.

"Yusrah, wannan littafin mai jan bango da nake gani a gidan nan, kin karanta?"

"A'a Baba, na Hamma ne."

"Kin huta. Mutum ɗaya ya kashe arba'in da takobi, rawaninsa bai ko karkace ba. Ni in na sunkuya ɗaura famfo hulata faɗuwa take yi."

Yarinyar za ta yi dariya. Shi ba zai ɗago ba, amma za ka ga hannunsa ya tsaya a kan takalmin. Can sai ya ce, "Yusrah, ki ce wa Baba ba arba'in ba ne, goma sha biyu ne, kuma a kan gada ce mai ƙunci, ɗaya-ɗaya suke zuwa."

"Baba, wai Hamma ya ce..."

"Na ji. Ki ce masa su ma wawaye ne da suka bi layi."

Ka ga an fara hira ke nan. A shekara ashirin da wani abu ban taɓa doguwar magana da shi kamar wannan ba, kuma ban kalle shi ba ko sau ɗaya. Wannan shi ake kira nasara. Yusrah kuwa wuyanta zai gaji da juyawa, amma ai don irin wannan ranar ake haihuwar na biyu.

Mataki na 5: Ka bi shi har cikin fim

Littafi rabin cutar ne. Sauran rabin yana cikin kwamfutarsa: fina-finan Turkawa masu takobi da aka juya zuwa Hausa, da na Amurka masu jirage. In ya kunna a falo bayan la'asar, kada ka zauna. Ka tsaya a bakin ƙofa kamar kana neman makullin mashin, ka yi ta nema har fim ɗin ya yi nisa.

Na Turkawan, ka ce kowa a ciki gemunsa a gyare, kamar da wanzami ake zuwa fagen fama. Ka ce sarkinsu ba ya iya cewa a kawo ruwa sai ya kalli nesa an buga ganga. Na Amurkan, ka ce harsashinsu ba ya ƙarewa, kuma duk wanda ya fito da hoton matarsa ya nuna wa abokinsa, a fara haƙa kabarinsa. Mafi muni shi ne kiɗa. A fim, kafin masifa ta zo sai an sa wani kiɗa mai sa gaba ya faɗi, kowa ya shirya. A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, ba wanda ya sa wa kowa kiɗa. Mutane suna cikin cin abinci, wasu tukunya na kan wuta.

Za a tambaye ka wane fim ka fi so, don mai kushe dole ya kasance da nasa. Ka shirya amsa. Ni da Yusrah ta tambaye ni, na ce wani na Indiya ne da na kalla a silima ina saurayi, na manta sunansa. Yaro ya ɗaure kayansa zai tafi yaƙi, uwarsa tana kuka, yana bakin ƙofa, sai aka ɗauke wuta. Muka jira, ba ta dawo ba, kowa ya watse.

"To Baba ai ba ka ga ƙarshensa ba."

"Shi ya sa na fi son sa. A wurina har yau yaron yana gida."

Hamman Yusrah ya yi dariya har da tari. Ka kiyayi wannan dariyar. Za ka ɗauka kana cin nasara ne, alhali shi daɗin zama da kai kawai yake ji.

Mataki na 6: Ka aika Bappa

Al'ada ta ba ka mafita: abin da uba ba zai faɗa ba, yayan uba yana faɗa. Na hau mashin na je Adarawo wurin yayana, wanda yara ke kira Bappa, wanda a hannunsa ma yaron ya yi ƙuruciyarsa. Na ce ya zo ya hana shi. Ya ce in bar masa, shi da ya yi masa kaciya.

Ya zo ranar Asabar da babbar riga. Ya shiga falo, ya tarar ana kallon na Turkawan nan. Ya ce bari ya jira a gama wannan kashin, ba kyau a katse mutum. Da na leƙo bayan magariba, Bappa ya cire hula, ya matso bakin kujera, yana ce wa yaron, "Usaid, wannan wazirin munafuki ne, tun ɗazu nake gaya maka. Mayar baya in ga fuskarsa."

A ƙofar gida na tare shi. "Hamma, ka yi maganar?"

"Wace? Au. Ka bar yaro, namiji ne. Kai dai tun kana ƙarami haka kake, ko kaza aka yanka sai ka ɓuya." Ya gyara riga. "Ka ce masa ya tura mini ci gaban a waya."

Darasi: kada ka aika mutumin da bai taɓa ganin fim mai kyau ba. Ba shi da rigakafi.

Mataki na 7: Ka kawo wanda ya gani da idonsa

In duk wannan bai yi ba, ka fito da babban makami. Kowane gida a Yola da Jimeta yana da nasa, don a waccan shekarar ta Mubi ba gidan da bai sauki 'yan gudun hijira ba. Nawa shi ne Absalom, mutumin wajen Michika, wanda ya zo da matarsa Magdalena da 'yarsu Becky suka zauna a ɗakin ajiyata wata da watanni. Yanzu yana gyaran janareto kusa da shagona, kuma har yau in matarsa ta yi miyar yakuwa sai ta aiko.

Na ce masa, "Ka zo ranar Lahadi in kun taso daga coci. Ka ba da labarin tafiyarku. Kada ka sa gishiri, amma kada ka rage komai."

Ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ni a kujera can gefe ina duba wani famfo da ba abin da ya same shi. Absalom ya fara. Ya faɗi yadda suka bi daji da duwatsu, ƙafa ta kumbura har silifa ba ya shiga. Ya faɗi wata mata da ta ɗauko katifa a ka, ta manta da abinci. Ya faɗi wani tsoho da 'ya'yansa suka ajiye a gindin tsamiya suka ce za su dawo. Ya ce, "Usaid, ba jawabi, ba komai. Mutum yana tafiya kusa da kai, sai ka duba ba shi."

Na saci kallon yaron. Fuskarsa ta canja. Na ce a raina, Hamajoɗa, ka gama aiki.

Sai ya yi tambaya. Ka ji inda hanyar take da rami: ba za ka iya hana shi tambaya ba, tunda ba ka magana da shi.

"Baba Absalom, to wa ya fito da ku?"

Absalom ya buɗe baki zai amsa. Na yi masa tari. Bai ji ba, ko ya ji ya ƙi.

"Wani soja ne. Yaro ne, bai kai ka ba ma. Ba irin na fim ɗinku ba, takalminsa ya yage, hannunsa yana rawa, ni da kaina na ga yana rawa. Becky ta kasa tafiya, shi ya ɗauke ta a wuya har bakin titi. Ya tare mota ya sa mu. Na ce ya shigo, akwai wuri. Ya ce akwai wasu a baya."

"Ya fito?"

"Ban sani ba. Ko sunansa ban tambaya ba. Becky yanzu tana karatun nas."

Mataki na 8: Ka rufe da karin magana

Wannan ne matakin da na gargaɗe ka a kansa. Ina ba ka shi ne don jagora ya cika.

Da na ga abin yana zamewa, sai na yi abin da masu ra'ayi ke yi in sun rasa ta cewa, na ɗaga murya na kawo karin magana. Na ce, "Yusrah, kin ji ko? Wannan shi ne yaƙi. Waɗancan masu rubutun da masu fim ɗin, ba wanda ya taɓa jin ƙarar bindiga sai a biki. Suna zaune a ƙarƙashin fanka suna aika 'ya'yan mutane. Gani ya kori ji. Wanda bai je ba, ya rufe mana baki."

Na ji daɗin maganar. Har Absalom ya gyaɗa kai.

Yaron ya kalli tabarma. Sannan ya ce, a hankali, "Yusrah, ki ce wa Baba ya yi gaskiya. Tun da ya fara magana a kan littattafan nan nake sake duba su, duk abin da ya faɗa haka ne. Ƙarya ce a ciki. Na daina karanta su." Ya ɗago ya kalli ƙanwarsa. "Da ina shakka, don na ɗauka sai jarumi ake nema. Ashe mai rawar hannu ma yana iya kai yarinya bakin titi. Wannan kam zan iya."

Yusrah ta juyo gare ni ta buɗe baki. Na ce na ji.

Ka lura da kyau, don a nan ilimin yake. Na yi nasara ɗari bisa ɗari. Na raba shi da littattafan, na raba shi da fina-finan, har kwamfutar ya bar wa ƙanwarsa. Ba malamin jami'ar da ya taɓa kashe littafi kamar yadda na kashe waɗannan. Abin da ban lissafa ba shi ne, ƙaryar ce take riƙe da shi a ɗaki. Muddin yana jiran ya zama mai kashe goma sha biyu a kan gada, da sauran lokaci.

Mataki na 9: Ka raka shi tasha, amma a matsayin mai wucewa

Za a tantance su, za a ɗauke shi, don mai gudu har Yolde Pate kullum ba ya faɗuwa a gwajin gudu. Ranar tafiya horo Zariya, uwarsa za ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Kai kuma ka ce kana da kaya da za ka karɓa a tasha, hanya ce ta haɗa ku.

Ka tsaya nesa kaɗan, kusa da masu sayar da burodi. Bappa zai yi ta addu'a da ƙarfi yana dafa kansa. Absalom zai cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka. Direba zai fara buga jikin mota.

Sai yaron ya zo ya durƙusa a gabanka, ba kusa sosai ba, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Yusrah, ki tambayi Baba ko akwai abin da yake so ya ce mini. Ko mene ne. Zan yi."

Yusrah ba ta maimaita ba. Kallona kawai ta yi, idonta ya cika.

Ga mutane, ga Bappa, ga 'yan kamasho, ga masu burodi suna saurare. Kalmar tana nan a maƙogwarona, gajeriya ce, ko yaron goye zai iya faɗinta. Ka riƙe girmanka. Ni na riƙe nawa. Na gyara hula na ce, "Ki ce masa littafin nan mai jan bango, babin ƙarshensa bai yi ma'ana ba."

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Ki ce wa Baba na sani." Ya tashi ya shiga mota.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan amfani da shi. In ɗanka ya tafi, kada ka zo shagona, famfo nake sayarwa. In ya zauna, ba ni ba ne, wataƙila kai ka yi abin da ban koya maka ba. Marubuta littattafan tarihi da masu shirya fim kada su kai ni ƙara, ban ambaci sunan kowa ba, kuma ra'ayina a kansu bai canja ba: maƙaryata ne, sai dai yanzu na san amfanin ƙaryarsu.

Ya gama horo, yana kiran Yusrah in ya sami sabis, ita kuma ta sa wayar a lasifika ta ajiye kusa da inda nake zaune. Ya ce ba a gaya musu inda za a tura su ba tukuna. Ban san ko ina ne ba. Ban san yaushe zai zo gida ba. Kuma ban sani ba, da na kira sunansa a tashar nan na ce ya sauko, ko da ya sauko.